Kowane Babur Da Hanyarsa

Da za a kwashe babura daga Dirin Daji na yini ɗaya tak, da garin ya tsaya cik. Babur ne ke kai taki gona, shi ke dawowa da buhun dawa da na masara. Shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da tsakar dare, shi ke kawo malamanmu makaranta da safe. Garinmu ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a Masarautar Zuru, amma ƙauyuka da yawa da ke kewaye da mu mota ba ta shigarsu idan damina ta yi nisa. Shi ya sa mu 'yan ajin ƙarshe na sakandare, idan an tashi tara, musun babur ya kusa fin musun ƙwallo zafi a tsakaninmu.

A da musun namu bai wuce Boxer da Honda da TVS da Haojue ba, waɗanda muke gani kullum a bakin tasha. Amma tun da wayoyi suka yawaita a hannun yayyenmu, muka fara kallon bidiyon manyan baburan ƙasashen waje, waɗanda ake yi wa kuɗin goro da suna fawa-baik, sai ajinmu ya rabu gida biyu. Wasunmu suka zama 'yan kuruza, wasu kuma 'yan babur ɗin doguwar tafiya. Kowane ɓangare ya rantse cewa ranar da Allah Ya hore masa, nasa zai saya.

Kuruza shi ne dogon babur ɗin nan mai gajeriyar kujera, wanda matuƙinsa ke zama kamar ya kishingiɗa, ƙafafunsa a miƙe gaba, salansa na rugugi. Kamfanin da ya fi shahara da shi shi ne Harley-Davidson, wanda aka kafa a birnin Milwaukee na Amurka a 1903. A 1957 kamfanin ya fito da samfurin Sportster, wanda ya fi 'yan uwansa zafin nama. Daga baya wasu kamfanoni suka ƙara wa irin wannan ƙira gudu, kamar VMAX na Yamaha da ya fito a 1985, da Diavel na kamfanin Ducati da ke Italiya. Waɗannan su ne gwanayen 'yan ɓangaren farko.

Shi kuwa na doguwar tafiya, sarkinsu shi ne Gold Wing na kamfanin Honda, wanda aka fara sayarwa a 1975. Yana da gilashin tare iska a gaba, da akwatunan kaya a gefe da baya, da majingina ga wanda aka goya. Na zamanin nan injinsa silinda 6 gare shi, nauyinsa ya haura kilo 360, har da tsarin ja da baya aka yi masa don ƙafa ba ta iya tura shi cikin sauƙi. A 2006 ma aka fara sa wa wani samfurinsa jakar iska irin ta mota.

Da musun ya ƙi ƙarewa, sai muka yanke shawarar auna su da mudu uku: daɗin zama, da ƙarfi, da sauƙin sarrafawa. Muka kuma ce dole a sa baburan garinmu a cikin awon, tunda su muka sani, kuma a kan hanyoyinmu za a yi tafiyar.

Daɗin zama

A kallo, babu kamar kuruza. Mutum ya zauna ƙasa-ƙasa, ƙafafunsa biyu na taka ƙasa sosai idan ya tsaya, ga ƙasaita kamar basarake a kan doki ranar hawan salla. To amma wannan zaman yana da farashi. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur a gargada ya san cewa idan za ka faɗa rami sai ka ɗan ɗaga jikinka, ka ɗora nauyinka a kan matakan ƙafa, gwiwoyinka su shanye jijjigar. Mai kuruza ba ya iya haka, domin ƙafafunsa na can gaba. Duk ramin da taya ta faɗa, gadon bayansa ne zai karɓa. Ga shi kuma shokar bayan yawancinsu gajera ce, don a samu kujerar ta yi ƙasa.

Na doguwar tafiya an ƙera shi ne don mutum ya yini a kai bai galabaita ba. Zaman a miƙe yake kamar a kujerar aji, gilashin gaba na kare ƙirji daga iska, wadda ita ce ke fara gajiyar da mai doguwar tafiya kafin komai. A nan 'yan wannan ɓangare suka ci maki babu gardama, matuƙar dai a kan kwalta mai sulɓi ake magana.

Sai dai a Dirin Daji ana auna daɗin zama da wani abu kuma: wa za ka goya, me kuma za ka ɗaura? Kujerar Boxer doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, ga kariya a baya da ake ɗaure buhu ko jarkar ruwa. Kujerar Gold Wing kuwa an fafe ta daidai mutum biyu, babu inda buhun shinkafa zai zauna. Haka roba-roba, wadda malamanmu da ma'aikatan asibiti suka fi so, tsakiyarta a buɗe take, mai babbar riga ko zane zai hau ba tare da ya ɗaga ƙafa sama ba, kuma babu jan kuloci da hannu. Wannan ƙira ta samo asali ne daga Super Cub da Honda ya fito da shi a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Babu wani abin hawa mai inji da aka taɓa ƙerawa da yawa kamarsa. Ashe babur ɗin da muke rainawa a harabar makaranta shi ne ya fi kowane samun karɓuwa a duniya.

Ƙarfi

Nan ne darasin lissafi ya yi mana rana. Lambar da ake rubutawa a jikin babur, 100 ko 125 ko 150, tana nuna faɗin cikin silinda ne, wato yawan iska da man da fistin ke zuƙa a tafiya ɗaya. Ma'aunin shi ake kira si-si. Si-si 100 daidai yake da kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya-wata mai mililita 500. Injin Gold Wing si-si 1,833 ne, wato ya haura leda uku da rabi, ya ninka na ƙaramin Boxer sau 18, ya kuma fi injin ƙananan motoci da yawa da ke lodi a tasha.

Amma ƙarfi iri biyu ne, kuma ɗan manomi ba ya buƙatar dogon bayani a kan haka. Akwai ƙarfin bijimin huɗa, akwai na dokin sukuwa. Bijimi ba ya gudu, amma yana jan garma a ƙasa mai tauri tun daga takun farko. Doki kuwa sai ya ɗauki zafi sannan ka ga aikinsa. Injin kuruza, mai manyan silinda biyu da aka jera kamar gwafa, dangin bijimi ne: da ka ɗan murɗa totur zai fizge ka tun injin bai yi ƙara ba. Na doguwar tafiya an daidaita shi ya riƙe gudu ɗaya na awoyi, da mutum biyu da kayansu, ba tare da ya yi rawa ko ya ɗau zafi ba. Kowane a fagensa gwani ne.

Tambayar da ta kashe wa ɓangarorin biyu baki ita ce wadda bakaniken unguwarmu ya yi mana ranar da muka kai masa ƙara. Ya saurare mu yana wanke kafireta da fetur, sannan ya ce, "Samari, wannan ƙarfin da kuke lissafi, a ina za ku kashe shi?" Muka yi shiru. Gaskiya ce, daga nan zuwa gonakinmu babu inda mai hankali zai wuce giya ta uku. Ƙaramin Boxer ƙarfinsa bai kai na doki 10 ba a ma'aunin injiniyoyi, amma saboda an yi giyoyinsa na farko don ja, yana hawa tudu da buhu biyu. Ƙarfin da hanya ba ta ba ka damar amfani da shi ba, mai kawai yake sha. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, babu gidan da ba a lissafin lita kafin a tayar da babur.

Sauƙin sarrafawa

Wannan mudun ne ya fi raba gardama. Kuruza dogo ne, tayar gabansa ta yi gaba can, don haka a miƙaƙƙiyar hanya yana tafiya cak kamar jirgin ƙasa. Amma idan aka zo kwana sai ya nemi fili, kuma da yake cikinsa na kusa da ƙasa, kana ɗan karkata shi matakin ƙafa zai fara gogar titi. Na doguwar tafiya ya fi shi iya shan kwana idan ana cikin gudu, sai dai a tafiyar sannu, cikin yashi ko taɓo, nauyinsa ke zama abokin gaba. Kilo 360 ya fi buhun masara uku. Idan ya kwanta a tsakiyar rafi, sai ka jira masu wucewa.

Mun ga wannan da idonmu a hutun ƙarshen shekarar da ta wuce. Ƙasar Zuru an san ta da aikin soja, kusan kowace unguwa akwai mai ɗa a bariki. Yayan wani abokinmu da ke aiki a Kaduna ya zo gida da kuruza na hannu, baƙi wuluk, salansa na ƙyalli. Ranar da ya iso, yara suka bi shi da gudu har ƙofar gida, mu 'yan kuruza kuwa muka riƙa taku ɗai-ɗai. Ya ce mana a kan kwalta bai san ya yi tafiya ba, har manyan motoci yake wucewa ba tare da ya sauya giya ba. Kwana biyu da zuwansa ya tashi zuwa ƙauye gaida kakarsa. Bai yi nisa da barin gari ba cikin babur ɗin ya daki dutse a wani kwazazzabo, ya daki na biyu, tayar baya kuma ta fara tono a rairayi. Ƙanensa da ke binsa a baya da tsohon Boxer ɗin gidansu ya tsaya ya ce, "Yaya, mu bar shi a gidan Kawu, ka hau in goya ka, kada rana ta faɗi mana a hanya." Haka aka yi. Da suka dawo bai ɓoye ba, ya ce mana yana dariya, "Ƙannena, nawa na titi ne, nasa na gida."

Sirrin Boxer da 'yan uwansa a wannan fage ba wani abin ɓoye ba ne. Nauyinsu bai kai kashi ɗaya cikin uku na Gold Wing ba, cikinsu ya ɗaga daga ƙasa, kansu na juyawa a ɗan ƙaramin wuri. Idan rafi ya kawo, mutum biyu sun isa su tallabe shi su haye. Idan taya ta yi faci, mai faci na nan a kowace mararraba. Filogi da sarƙa da wayar birki duk akwai su a kasuwa, kuma yaron bakanike ma ya san cikinsu. Manyan baburan zamani kuwa na'ura ce ke aunawa injinsu mai, ba sa jure gurɓataccen fetur irin wanda wani lokaci ake samu a galan a bakin hanya, kuma idan ƙaramin abu ya lalace sai an aika birni, wani lokaci ma ƙasar waje.

Wanda ya yi tafiyar gaske

Akwai ɗan Najeriya da ya amsa wannan tambaya a aikace. A 2022, Kunle Adeyanju ya tashi daga Landan a kan babur, ya ratsa Faransa da Sifaniya, ya haye zuwa Maroko, ya keta hamada, ya biyo ta ƙasashen Afirka ta Yamma har ya iso Legas bayan kimanin kwana 40. Ya yi tafiyar ce don wayar da kai da tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. Abin lura shi ne babur ɗin da ya zaɓa. Bai hau kuruza ba, bai hau Gold Wing ba. Honda CB500X ya hau, matsakaicin babur wanda injinsa bai cika si-si 500 ba, mai tsayin ƙafa, wanda ke iya kwalta ya kuma iya burji. Mutumin da zai yi dubban kilomita ya fara duba hanyar ne kafin ya duba babur. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mudun da muka manta

Muna tsammanin mun gama awo, sai malaminmu na fiziks ya ji labarin, ya ce mun auna yadda babur ke tashi, ba mu auna yadda yake tsayawa ba. Ya sa muka yi lissafin a allo. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Ke nan daga lokacin da idonka ya ga akuya ta faɗo titi zuwa lokacin da ƙafarka ta taka birki, ka riga ka ci mita 17 ko fiye, birkin ma bai fara aiki ba. Sannan idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ba sau biyu take ninkuwa ba, sau huɗu ce. Ga shi yawancin baburanmu birkin ganga ne da su, wanda ke raguwar kamu idan ya jiƙe ko ya yi zafi, alhali manyan baburan can suna da birkin faifai da na'urar hana taya kullewa. Ma'ana, namu da muke yabo su suka fi buƙatar a bi da su a hankali, musamman idan an yi goyon biyu ko an ɗora kaya.

Wannan ba lissafin jarrabawa kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato mu da ƙannenmu da yayyenmu. A ajinmu babu wanda bai san wani da ya karye ko ya rasu a kan babur ba, kuma sau da yawa a wajen ganganci ne, ranar biki ko ranar salla, ana sakin hannu ana ɗaga tayar gaba don 'yan kallo su yi shewa. Daga garinmu kuma, wanda ya bugu a ka, kafin a kai shi babban asibitin da ke da na'urar duba ƙwaƙwalwa tafiya ce mai nisa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin ƙasa tun ranar 1 ga Janairun 2009, amma a nan idan ka sa ta abokai dariya za su yi maka. Waɗanda muke kallo a bidiyo kuwa, masu baburan da muke mafarki, da wuya ka ga ɗayansu babu hula da safar hannu da takalmi sau-ciki. Mun kwaikwayi ƙarar salansarsu, mun bar hularsu. Doka kuma ba ta ba da lasisin tuƙi sai mutum ya cika shekara 18. Ga 'yan uwanmu mata, abin kiyayewa shi ne bakin hijabi da gefen zane, a tattare su sosai kafin a tashi, domin sarƙa da wayoyin taya ba sa jira.

Akwai kuma abin da ɗalibin Legas ko Landan ba zai sa a lissafinsa ba, amma mu dole mu sa. A yankinmu 'yan bindiga a kan babura suke zuwa, kuma duk wanda ya girma a ƙasar Zuru cikin shekarun nan ya san yadda gaba ke faɗuwa idan aka ji rugugin babura da yawa cikin dare. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna sun sa takunkumi iri-iri a kan zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka saboda wannan matsala. Don haka saurayin da ya fasa salansa don ta yi ƙara, yake ratsa unguwa bayan isha'i, tsorata iyayenmu mata yake yi, yana kuma jawo wa kansa zargi a shingen jami'an tsaro. Takardun babur, da lamba, da tsayawa idan an tsayar da kai, da dawowa gida kafin duhu, duk sun shiga cikin iya tuƙi a wajenmu.

To wa ya ci musun? A daɗin zama na doguwar tafiya ne ya ɗauka, a fizga da kwarjini kuruza ne, a sarrafawa kan hanyoyinmu kuwa duka biyun sun sha kaye a hannun babur ɗin da ke jingine a zauren gidanmu. Har yanzu akwai 'yan kuruza a ajinmu, akwai 'yan Gold Wing, kuma babu laifi a mafarki. Wataƙila wani daga cikinmu ya zama injiniyan da zai shimfiɗa kwaltar da za su dace da ita, ko wanda zai ƙera babur mai daɗin zaman wancan da juriyar wannan.

Kafin wannan rana, idan Baba ko Yaya ya sayar da amfanin gona ya ce ku raka shi sayen babur, ku taya shi da tambayoyi huɗu: wace hanya zai fi bi, me zai riƙa ɗauka, wa zai gyara shi idan ya lalace, kuma lita nawa aljihu zai iya saya a mako? Idan an gama ciniki, ku roƙe shi ya rage kuɗin hular kwano guda biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta wanda zai goya. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.